Amfilifayar Jita: Abin Da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Saya, Musamman In Kana Ƙasar Gumel

Duk wanda ya taɓa kallon Mdou Moctar ko Bombino suna kaɗa jita a waya, ya san akwai wani sauti mai gurnani da ke fita wanda fiyanon sitidiyo ba ya bayarwa. Matasa da yawa suna ɗauka sirrin yana jikin jitar ne. To, rabin sirrin yana cikin akwatin nan da ke ajiye a bayan makaɗin, wato amfilifaya. Jitar lantarki in ba a jona ta ba, ko wanda ke zaune kusa da kai da ƙyar zai ji ta.

Wannan bayani na wanda ya riga ya mallaki jita ne, ko yake tara kuɗin saye, kuma yana zaune a Gumel, Maigatari, Gagarawa ko Sule Tankarkar. A nan, abin da za ka fara dubawa ba sunan kamfani ba ne, kuma ba yawan wat ba ne. Wuta ce, da ƙura, da wurin da za ka yi kiɗan.

Kiɗan rok bai yi mana nisa ba

Kiɗan tsirkiya ba baƙo ba ne a Jigawa, domin marigayi Haruna Uji mai gurmi ɗan Haɗeja ne. Ita ma jitar lantarki, da ka tsallaka iyaka ta Maigatari ka shiga Nijar, ka shiga ƙasar da ake cin bukukuwa da ita. A Agadas akwai ƙungiyar Etran de L'Aïr da ta yi suna a kiɗan biki. A Yamai akwai Tal National, waɗanda har da Hausa suke waƙa, kuma kundinsu Kaani ya fito a 2013. Bombino ya fitar da Nomad a 2013, sannan Deran na 2018 ya shiga takarar Grammy. Shi kuwa Mdou Moctar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, da irin gyaran muryar nan na waƙoƙin finafinan Hausa. Ta bulutut da memori waƙoƙin suka yaɗu kafin duniya ta san shi. A 2015 ya fito a fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai, a 2021 kuma ya saki Afrique Victime. Mutanen nan a irin zafinmu, da ƙurarmu, da ƙarancin wutarmu suka taso.

Mene ne aikin amfilifaya?

Kashi uku ne a cikinta. Na farko shi ke karɓar ɗan siririn sautin da ya fito daga jita ya gyara shi. Nan ne maɓallan da aka rubuta Gain, Bass, Middle da Treble suke. Na biyu shi ke ba sautin ƙarfi, shi ne ake aunawa da wat. Na uku ita ce sifika.

Gurnanin da ake so a kiɗan rok yana samuwa ne in aka tura wa amfilifaya sautin da ya fi ƙarfinta, sai ya riƙa fita a dakushe. Da can aibu ake ɗaukar wannan. A 1964, Dave Davies na ƙungiyar The Kinks ta Ingila reza ya sa ya tsaga sifikarsa don ya samu irin sautin a waƙar You Really Got Me. Kai ba sai ka tsaga komai ba, maɓallin Gain zai yi maka aikin. Amma ka tabbata akwai wani maɓallin daban, Master ko Volume, domin shi zai ba ka damar samun gurnanin ba tare da ka tashi unguwa ba.

Wani zai ce, ai akwai sifikar dije a gida, me zai hana in jona kai tsaye? Za ta yi ƙara, amma ba za ta yi daɗi ba. Sifikar jita da gangan aka yi ta tana danne sautin sama mai kaifi. Ta dije kuwa komai take fitarwa, shi ya sa gurnanin ke koma wa kamar kukan zuma a cikin gwangwani.

Iri uku ne a kasuwa

Mai kwalba. Ita ce ta asali, tana aiki da wasu ƙananan kwalabe masu zafi irin na rediyon da. Vox AC30 da The Beatles suka yi amfani da ita, da Fender Twin Reverb, da Marshall ɗin da Jim Marshall ya fara ƙerawa a Landan a 1962, duk wannan jinsin ne. Sautinta babu na biyunsa, wannan gaskiya ne. Sai dai tana da nauyi, tana da tsada, tana cin wuta, tana ɗaukar zafi, kuma kwalaben suna mutuwa. In EL34 ko 12AX7 ta mutu maka a Gagarawa, ba shagon da za ka shiga ka ce a ba ka. Hanyar ƙauye a bayan mashin ma kaɗai ta isa ta illata ta.

Mai taransisto. Ba kwalba, ba jiran ta yi zafi, kuma mai gyaran rediyo ko amfilifayar masallaci da ya san aikinsa zai iya duba ta. Roland JC-120 da ta fito a 1975 ita ce shahararriya wajen sauti garau. Peavey Bandit 112 an san ta da juriya. Akwai kuma ƙanana irin su Orange Crush 20 da jerin Marshall MG.

Mai dijital. Wannan ƙaramar kwamfuta ce a ciki, tana kwaikwayon sautin manyan amfilifayoyi, ga amsa-kuwwa da sauran kayan ƙawata sauti duk a haɗe. Boss Katana, da ta fara fitowa a 2016, da Fender Mustang da Roland Cube su ne aka fi sani. Yawancinsu suna da wurin jona abin kunne, wasu har da USB na ɗaukar sauti kai tsaye zuwa kwamfuta. Matsalarta guda: in allon cikinta ya ƙone, da wuya a gyara a nan kusa.

Ga mai farawa a yankinmu, mai taransisto ko mai dijital ce ta dace. Mai kwalba ka bar ta sai ka samu tsayayyen sitidiyo da tsayayyiyar wuta.

Wat nawa ya ishe ka?

Nan ne ake yawan cin kuɗin mutane. Mai wat 100 ba ta ninka mai wat 50 a ƙara ba, ɗan bambanci kaɗan kunne zai ji. Kafin ka ji ƙara ta ninka sau biyu, sai wat ya ninka kusan sau goma. Kuma mai kwalba ta wat 15 takan yi wa kunne ƙara fiye da mai taransisto ta wat 15.

Don koyo a ɗaki, wat 5 zuwa 20 ya wadatar. In za ku haɗu da mai ganga ko mai kalangu da mai fiyano, nemi wat 40 zuwa 50 in ba mai kwalba ba ce. In filin biki ne, kar ka ce amfilifayarka ce za ta cika wurin. Ko manyan makaɗa makirfo ake kafawa a gaban sifikar, a tura sautin cikin miksa, manyan sifiku su ɗauka. Wat 50 ya isa wannan aikin.

Girman sifika ma abin dubawa ne. Mai inci 6 ko 8 ta koyo ce, sautinta siriri ne. Mai inci 10 ta fi ta kauri. Inci 12 shi ne ma'aunin kiɗan rok. Alal misali, Katana-50 tana da sifika mai inci 12, kuma ana iya sauke ƙarfinta daga wat 50 zuwa 25, har zuwa rabin wat. Wato akwati ɗaya zai yi maka ɗaki, ya yi maka taro.

Akwai kuma batun siffa. Wata a haɗe take, inji da sifika a akwati guda, ita ake kira kwambo. Wata kuma kai daban, akwatin sifiku daban, irin tulin da kake gani a bayan manyan makaɗa. Ɗauki kwambo. Tana shiga but ɗin mota, ana iya ɗaure ta a mashin, kuma ta raba ka da lissafin om. Mai kai daban dole om ɗinta, 4 ko 8 ko 16, ya dace da na sifikun, kuma in mai kwalba ce aka kunna ta ba sifika a jone, tana iya ƙonewa.

Wuta: nan ne gizo ke saƙar

Wutar Nijeriya bolt 230 ce, ta Nijar ma kusan haka. Ta Amurka kuwa 120 ce. Kayan gwanjo da yawa daga can suke zuwa, don haka kafin ka tambayi kuɗi, juya bayan akwatin ka karanta. In ka ga 120V kaɗai, jona ta sau ɗaya ya isa ta yi hayaƙi, sai dai ka haɗa da tiransifomar rage wuta, wadda masu gyara ke kira sitef-dawun. In ka ga 220 zuwa 240, ko 100 zuwa 240, to ba damuwa.

Ƙaramin janareta wutarsa hawa da sauka take yi, musamman in mai ya kusa ƙarewa ko an jona dutsen guga. Sa sitabilaiza a tsakani, kuma ka kashe amfilifaya kafin a tayar da inji ko a kashe shi. In sola kake amfani da ita, inbata mai arha takan sa sifika ta riƙa wani zuuu da ba ya tsayawa. Wadda aka rubuta Pure Sine Wave a jikinta ita ce ba ta yin haka.

In kuwa garinku wutar sai an ga dama, kamar yadda ƙauyuka da yawa na Sule Tankarkar da Gagarawa suka sani, kar ka raina mai batir. Roland Micro Cube da Boss Katana Mini batir shida ƙanana na AA suke ci. Cube Street EX tana kai wat 50 da batir takwas. Sayi batura masu caji, ka huta. Ƙaramar da za ka kunna kullum ta fi babbar da ke jiran a kawo wuta.

Sai maganar rai, wadda ba wasa a cikinta. Tsirkiyar jitar lantarki a haɗe take da jikin amfilifaya. In fulogin mai ƙafa uku ne, kar ka kuskura ka karya ta ukun, kuma kar ka cusa tsirarar waya a soket da tsinken ashana. In ka taɓa tsirkiya ko makirfo ka ji ɗan shokin, tsaya nan take a kira mai gyara. Kar ka yi kiɗa ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti lokacin damina. Keith Relf, mawaƙin ƙungiyar The Yardbirds, wuta ce ta kashe shi a gidansa a 1976 yana riƙe da jita. Haka kuma kar ka buɗe cikin mai kwalba da kanka, tana riƙe wuta mai kisa ko bayan an cire fulogi.

Ƙura da zafi

Ƙurar hunturu tana shiga cikin maɓallai, shi ya sa za ka ji ƙarar-ƙarar in kana murɗawa. Kai wa tela ya ɗinka mata riga da yadi mai kauri, ka rufe duk lokacin da ba ka kiɗa. Amma in tana kunne cire rigar gaba ɗaya, ka ba ta tazara da bango, domin zafin bazara a nan yana haura digiri 40. Kar ka bar ta a rana ko a rufaffiyar mota. Ɗora ta a kan benci, saboda ƙasa akwai damshi, ga ɓeraye da ke son takardar sifika.

Ina za a samu, kuma yaya ake gwadawa?

Mafi kusa dai Kano ce, wajen masu kayan sauti na Sabon Gari. Dillalai da yawa daga kasuwar Alaba ta Legas suke sarowa. Kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis tana haɗa ka da mutanen Nijar, kuma ta hanyarsu za ka iya jin labarin makaɗin Damagaram da ke son sayar da tasa. Ko ta ina ta zo, ba a cinikin biri a sama. Hoton WhatsApp ba ya ƙara.

Tafi da jitarka da wayarka ta jonawa. Kunna, ka yi shiru tukuna ka saurara: ɗan huci kaɗan ba laifi, amma ƙugi mai ƙarfi matsala ce. Murɗa kowane maɓalli daga farko har ƙarshe. Girgiza wayar a bakin ramin ka ji ko sauti na yankewa. Kaɗa tsirkiya mafi kauri da ƙarfi, in ka ji kamar takarda na karkarwa, sifikar ta yage ko an yi mata faci. Gwada sauti garau, ka gwada mai gurnani. Bar ta a kunne kamar minti 15, domin wata cutar sai ta yi zafi take fitowa. Sunsuna bayanta ko akwai ƙaurin ƙuna. Sannan ka lura da jabu: tambarin Marshall ko Fender a gaba ba shi ne shaida ba, duba lambar kaya da rubutun baya. In kuɗin ya yi arha fiye da hankali, ka tuna araha ba ta ado.

Kar ka zuba duk kuɗinka a akwatin. Ware na waya mai kyau, da sitabilaiza, da riga, da abin kunne, domin in dare ya yi ko an kira salla, maƙwabta suna da haƙƙi a kanka. In an bar ka da zaɓi biyu, babba mai suna da ba ka san tarihinta ba, da ƙarama mai lafiya da ka gwada da kunnenka, ɗauki ƙaramar ka koma gida ka ci gaba da koyo.