Kalmar "Pagan" da Muka Haddace a Aji Biyu

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, duk wanda ya zauna ajinmu zai tuna da kalmar nan "pagan" da muka riƙa cin karo da ita a littafin tarihi. Mu dai "fegan" muke cewa. Malaminmu, Allah ya jiƙansa, ya fassara mana ita da "arne", muka rubuta, muka wuce. Ni kuwa ban tsaya nan ba, sai da na jefi wani ɗan ajinmu mutumin Zuru da ita a bakin rijiya, don kawai yana ba mu labarin bikin Uhola. Bai ce mini uffan ba, amma har muka bar makaranta bai sake kawo zancen garinsu ba. Abin ya daɗe yana ci mini rai, shi ya sa na bi sawun kalmar.

Asalinta daga harshen Rumawa ne, inda "paganus" ke nufin mutumin ƙauye. Sai wajen ƙarni na 4, bayan addinin Kirista ya kafu a daular Rum, aka soma laƙaba sunan ga waɗanda suka tsaya kan bautar kakanninsu. Ke nan a wurin Bature, kalmar tana nuni ne ga zamani da al'adun da suka riga Kiristanci. To, ina ruwan Kebbe da wannan ma'auni? Lokacin da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Tambuwal, inda Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna, ta daɗe da masallatanta da makarantun allo. Da ma'aunin ya ƙi zama, sai suka juya shi: duk wanda ba Musulmi ba ne, ba kuma Kirista ba, ya zama "pagan". Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, da Kambari da Dukawa da Maguzawan Kano, kowa da al'adarsa da tarihinsa, duk aka zuba su buhu ɗaya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne malamanmu na da ba su ɗauki maganar da sauƙi haka ba. Muhammadu Bello da Shehu Laminu na Barno sun yi ta musayar wasiƙu a kan ko riƙe wasu al'adun gargajiya yana fitar da mutum daga Musulunci. Shehu Laminu ya ce saɓo ne, ba kafirci ba, Bello kuma ya kawo nasa hujjojin, har ya sa wasiƙun cikin Infaƙul Maisuri a 1812. Abin da manya suka yi shekaru suna gardama a kai, mu da kalma guda muka yanke shi a aji biyu.

Kakata a Kebbe ba ta taɓa barin salla ta wuce ta ba, amma ba ta yarda a watsa ruwan zafi a ƙasa ba tare da bisimilla ba, wai kada a ƙona 'ya'yan mutanen ɓoye. Ban san gidan da littafinmu zai sa ta ba.

Abokina na Zuru, in wannan mujalla ta iso hannunka, ka yafe mini. In Allah ya kai mu taron bana, ina son ka ƙarasa mini labarin Uhola daga inda na katse ka.