Furotin da ke gina ɓawon gilashin dayatom

Dayatom halitta ce mai ƙwayar rai guda, ba a ganinta sai da madubin ƙara girma. Tana rayuwa a teku da kuma ruwan daɗi irin na madatsar Challawa da ke Ƙaraye. Ɓawonta na silika ne, sinadarin yashi da gilashi, kuma kowane jinsi da irin zanensa. Hazon hunturu da ke lulluɓe Kafin Dafga da Rogo, wani kaso nasa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi yake tasowa, inda ɓawon dayatom na tsohon tafkin Cadi ya bushe ya zama gari.

Tun a shekarun 1960 Benjamin Volcani na cibiyar Scripps a Amurka ya duƙufa kan yadda ake gina ɓawon. A lokacin aka gano cewa cikin wata 'yar jaka a jikin ƙwayar ake zuba silikar. A 1997 Mark Hildebrand, a cibiyar, ya gano furotin da ke shigo da silika daga ruwa.

Babbar wahalar aikin ita ce furotin ɗin da ake nema a cikin gilashin yake daskare. Nils Kröger da Manfred Sumper na jami'ar Regensburg a Jamus sun fara samo wani furotin mai suna furustulin a 1994, amma ya zamana rufi ne kawai a bayan ɓawon. A 1999 suka narkar da gilashin da asid mai ƙarfin gaske, suka fito da wani furotin mai suna silafin. Da an zuba shi cikin ruwan silika, cikin 'yan daƙiƙoƙi sai ƙananan dunƙulen gilashi su kwanta, ba wuta ba zafi. Sai dai asid ɗin ya yi ɓarna, domin ya kankare fosfet da ke jikin silafin. Sai a 2002, da suka koma ga sinadari mai sauƙi, aka ga silafin a siffarsa ta asali. Wannan gyaran ya cancanci yabo daidai da ganowar farko.

Karanta ƙwayoyin gadon wata dayatom mai suna Thalassiosira pseudonana a 2004 ya sa aikin ya yi sauri: aka gano furotin silasidin a 2008, singulin a 2011, sai silikanin a Dresden a 2017, wanda ke zaune a fatar jakar kanta. Da aka cire ƙwayar gadonsa, silikar ɓawon ta ragu, ƙarfinsa ma ya ragu, amma dayatom ɗin ta ci gaba da ginawa.