BABI NA UKU: ALHAJI ISA KAITA A FAGEN SIYASAR JIHAR AREWA, 1951–1966

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai duba rawar da Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina, ya taka a matsayin ɗan Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa, sannan minista a gwamnatin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello. Za a fi mayar da hankali ga zamansa a Ma'aikatar Ilmi, domin a nan ne ya fi daɗewa.

3.1 Share Fage

An haifi Isa Kaita a Katsina a shekarar 1912, a gidan Waziri Haruna. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, wadda ta yaye akasarin shugabannin Arewa na farko, daga nan ya koyar a makarantar Midil ta Katsina. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka tura shi birnin Ankara na ƙasar Gwalkwas, wato Gana ta yau, inda shi da Malam Bello Dandago suka riƙa karanta labaran yaƙi da Hausa a gidan rediyo. Bayan ya dawo ya kama aiki da En'e ta Katsina a zamanin Sarki Usman Nagogo, sannan ya tafi Ingila ya karanci harkar mulki a Ekseta. Ke nan kafin ya shiga siyasa ya riga ya haɗa abubuwa uku da suke da wuyar samu a wurin mutum guda a wancan zamani: asali, da ilmin boko, da iya magana a bainar jama'a.

3.2 Shigarsa Majalisa

Tsarin mulkin Macpherson na 1951 shi ne ya buɗe ƙofar zaɓe a Arewa, sai dai zaɓen hawa-hawa ne. Talakawa su zaɓi wakilai a ƙauye, waɗannan su zaɓi na gunduma, har a kai matakin lardi. A wannan mataki na ƙarshe En'e tana da ikon cusa mutanenta, gwargwadon kashi goma cikin ɗari na masu jefa ƙuri'a. Wannan ƙa'ida ce ta karya lagon jam'iyyar NEPU, wadda ta yi rinjaye a matakin farko a birnin Kano amma ta tashi babu kujera ko ɗaya. Ta wannan hanya Isa Kaita ya shiga majalisa daga Lardin Katsina, ya kuma zama sakataren kuɗi na jam'iyyar NPC.

A nan ya kamata a lura da cewa ƙarfinsa na siyasa daga fada ya taso, ba daga dandalin lacca ba. Ko a lokacin da yake minista yana riƙe da sarautar Madawakin Katsina, kafin daga baya ya zama Waziri. Wannan ya ba shi kariya, amma kuma ya ɗaure masa hannu, domin duk wani gyara da zai taɓa ikon En'e sai ya bi shi da lallami.

3.3 Zamansa Minista

A 1954, shekarar da Sardauna ya zama Firimiya, aka naɗa shi Ministan Ayyuka, daga nan aka mayar da shi Ma'aikatar Albarkatun Ƙasa. A 1957 Alhaji Aliyu Makaman Bida ya koma Ma'aikatar Kuɗi, shi kuma ya gaje shi a Ma'aikatar Ilmi.

Ya tarar da matsala babba. Jihar Yamma ta fara ilmin firamare kyauta a 1955, Jihar Gabas ta bi sahu a 1957. Arewa kuwa, wadda ta fi su faɗi da yawan jama'a, ba ta da isassun malaman da za su tsaya a gaban allo. Bugu da ƙari, gwamnati ta riga ta ɗauki manufar cike gurabun aikinta da 'yan Arewa, ga shi mulkin kai na jihar ya gabato, wanda aka samu ranar 15 ga Maris 1959. Idan babu 'yan Arewa masu takardar shaida, kujerun da Turawa za su bari 'yan Kudu ne za su hau su. Saboda haka ma'aikatar ba ta yi gasar ilmi kyauta da sauran jihohi ba. Ta karkata ga kwalejojin horon malamai, da makarantun sakandare na larduna, da tura ɗalibai ƙasashen waje.

Ana iya cewa zaɓin ya dace da aljihun gwamnati da kuma buƙatarta ta gaggawa, kuma ya samar da ma'aikatan da suka riƙe jihohin da aka ƙirƙiro a 1967. Amma ɗan talaka na ƙauye, musamman 'ya mace, shi ya biya farashin. Har ila yau, lardunan da mishan suka yi ƙarfi, irin su Kabba da Binuwai da Filato, sun ci gaba da yi wa lardunan Sakkwato da Kano da Katsina fintinkau wajen yawan 'yan makaranta. Abin mamaki, har da lardin shi ministan kansa.

Game da firamare, gwamnati ta gayyato wani masani daga Ingila mai suna Oldman, wanda rahotonsa na 1961 ya haifar da Dokar Ilmi ta 1962. Dokar ta tanadi hukumomin ilmi na yankuna, waɗanda za su haɗa makarantun En'e da na mishan a ƙarƙashin kulawa guda. Sai dai da yake hukumomin a jikin En'e aka gina su, saurin aikinsu ya dogara ne ga ra'ayin sarkin kowace ƙasa.

Babban abin da ake tunawa da zamaninsa shi ne Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a Zariya ranar 4 ga Oktoba 1962, bisa shawarar Hukumar Ashby ta 1960. Ba daga fili aka fara ta ba. An haɗa Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, da Makarantar Mulki ta Kongo, da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, da kwalejin Kano wadda aka sa wa sunan Abdullahi Bayero.

3.4 Faɗuwar Gwamnati

Juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, wanda aka kashe Sardauna a cikinsa, shi ya kawo ƙarshen zamansa minista bayan kusan shekara tara a ma'aikata ɗaya. Bai sake riƙe kujerar minista ba. A Jamhuriya ta Biyu, zamanin Alhaji Shehu Shagari, ya shugabanci Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata. Allah ya yi masa rasuwa a 1994.