Biyawar Allo da Horar da Kunne

Tun kafin boko ya iso kudancin Katsina, makarantun allo na Damari da na ƙauyukan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa sun tsaya kan ƙa'ida ɗaya: ba a barin yaro da allonsa sai malam ya biya masa, ya maimaita, an tsayar da shi inda ya datse madda ko ya ja wasalin da ba a ja. Masu kiran wannan haddar aku ba su lura cewa kunne ake horarwa ba, kuma tarihin yadda Turawa suka koyi Hausa ya isa shaida. Wani Bature mai suna Schön ya zauna da wani Bahaushe mai suna Dorugu a Ingila, ya fitar da littafinsa na nahawun Hausa a 1862, amma bai nuna karin sautin da ke raba kukan yaro da kukar miya ba. Ƙa'idojin rubutun da Hanns Vischer, Baturen da ake kira Ɗan Hausa, ya fitar a 1912 su ma sun tsallake shi, har da tsawon wasalin da ke raba garin mutane da garin tuwo, wanda ajami kan nuna. Sai a ƙamus ɗin Bargery na 1934 aka bi kalmomi ɗaya bayan ɗaya ana yi musu alama.

Wani zai ce laifin rubutu ne, da an sa alama tun farko da baƙo ya ji. Sifaniyanci bai goyi bayan wannan ba. Rubutunsa na nuna gaɓar da ake dannawa, papa dankali ne, papá kuwa uba, amma binciken Emmanuel Dupoux da abokan aikinsa na 2008 ya gano cewa Faransawan da suka yi nisa a Sifaniyanci na ci gaba da shan wahalar riƙe wannan bambanci, domin a harshensu danna gaɓa ba ya sauya ma'anar kalma. Alamar kuwa tana gaban idonsu.

Sukar da ta fi nauyi ita ce biyawa na gadar da kuskuren malami, kamar yadda wasu haruffan Larabci suka daɗe suna fita da lafazin Hausa a tsangayu. Gaskiya ne. Sai dai gyaran ma ta kunne ya shigo, daga bakin malaman tajwidi na Islamiyya da kaset-kaset irin na Husari, wanda aka naɗi karatunsa a Masar a 1961.