2.4 Ma'aikatan Jinya da Ungozomomi da Al'adar Bincike a Birnin Kudu da Gwaram

Idan aka dubi tarihin aikin jinya a Nijeriya, za a ga cewa tun asali an gina shi ne a kan koyon aiki a gefen gadon majinyaci. An kafa hukumar ungozomomi a shekarar 1930, ta ma'aikatan jinya kuma a 1947, sannan aka haɗe su a 1979. Jami'ar Ibadan ta fara koyar da jinya a matakin digiri a 1965, amma ƙasar Kano, wadda Birnin Kudu da Gwaram ke cikinta kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, ta daɗe tana dogaro da makarantun da ke jingine da asibitoci. A irin waɗannan makarantu, abin da aka fi kula da shi shi ne ladabi da tsafta da bin umarnin likita.

Duk da haka, ba za a ce ma'aikatan nan ba su da alaƙa da bincike ba, domin kuwa su ne masu riƙe rajista. Ungozomar da ke ɗakin haihuwa ita ce ke rubuta shekarun mace, da yawan haihuwarta, da ko ta yi awo, da ko ta zo da jijjiga ko zubar jini ko doguwar naƙuda. Amfanin irin wannan rubutu ya fito fili a Zariya, inda Farfesa Kelsey Harrison ya nazarci haihuwa 22,774 da aka yi a asibiti tsakanin 1976 da 1979. Sakamakon, wanda aka buga a 1985, ya nuna cewa matan da ba su yi awo ba sun fi mutuwa nesa ba kusa ba.

A kudancin Jigawa kuwa, yawanci alƙaluman kan tafi Dutse ne a matsayin rahoton wata-wata, ba safai suke dawowa ga waɗanda suka tattara su ba. Tsarin Gunduma da jihar ta kafa a 2007, da shirin tura ungozomomi karkara na gwamnatin tarayya a 2009, sun ƙara yawan takardun da ake cikewa. Amma fa cike takarda daban, yi mata tambaya daban.

Bugu da ƙari, Birnin Kudu ta fi Gwaram dama, kasancewar tana da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da kwalejin koyon jinya da ungozoma, inda ɗalibi kan rubuta kundin bincike kafin ya kammala. Shirin Women for Health, wanda Ingila ta ɗauki nauyinsa daga 2012 zuwa 2020, ya shigo da 'yan matan karkara cikin wannan karatu. Sai dai wadda aka mayar ƙauyen Gwaram takan tarar da kanta ita kaɗai a kan awo da karɓar haihuwa da rigakafi, ga rajista cike a gabanta, babu mai duba ta tare da ita.