Zungeru, garinmu da Gwamna ya tashi ya bari

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke nan Nsukka da sauran makarantun Kudu. Rubutun yana da ɗan tsawo, wanda ke da jarrabawa gobe ya ajiye shi sai ya fito.

Shekaranjiya a gaban babban laburare wani ɗan ajinmu ya tambaye ni garinmu. Na ce Zungeru. Ya ce a Kano take? Kun dai san su, duk abin da ya haura Lokoja a wurinsu Kano ne. Sai na nuna masa sunan da ke jikin laburaren, Nnamdi Azikiwe, na ce ni da mai wannan sunan gari ɗaya aka haife mu. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Wallahi ban ji haushinsa ba. Abin da ya ba ni haushi shi ne da daddare da na ba da labarin a ɗakinmu, mu huɗu 'yan Arewa, biyu ba su san inda Zungeru take ba. Ɗaya ma cewa ya yi ai a Zamfara take.

To a Jihar Neja take, cikin ƙaramar hukumar Wushishi, a bakin kogin Kaduna, kimanin kilomita 60 daga Minna. A ƙidayar 2006 duk ƙaramar hukumar mutum dubu 80 da 'yan kai aka samu, Zungeru kuwa yanki ɗaya ce a ciki. Gari ne da in ka shiga da rana tsaka za ka ji kukan akuya daga unguwa ta uku. Zafi ne da shi na gaske. Amma wannan garin shi ne hedikwatar Arewa baki ɗaya na wajen shekara 14, kafin Kaduna ta san za ta zama wani abu.

Tsofaffi suna cewa asalin sunan Dunguru ne, wani abin kiɗa da Turawa suka tarar wani mutumin Gbagyi yana kaɗawa, bakinsu ya juya shi ya koma Zungeru. Ƙasar dai ta Gbagyi ce, waɗanda muke kira Gwarawa, ga Nufawa ta kudu, ga Kamukawa ta arewa. A ƙarni na 19 yankin ya shiga hannun gidan Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu, wanda ya kafa Kontagora, kuma zuriyarsa ce ta riƙe Wushishi. Mutanen ƙauyukan nan sun sha wuya a hare-haren kamun bayi na wancan zamani. Wannan ma tarihinmu ne, ko da ba ma son ambatonsa a taron ɗalibai.

Gwamna Lugga ya yi shelar mulkin Ingila a kan Arewa ranar 1 ga Janairu 1900 a Lokoja. Ya zauna Jebba na ɗan lokaci, a 1901 sojojinsa suka ci Kontagora da Bida, a 1902 ya kwaso ofisoshinsa ya dawo Zungeru. Dalilinsa na soja ne, yana son ya matso kusa da Zariya da Kano. Matsalar kawai jiragen ruwa ba sa iya hauro kogin har garin, shi ya sa aka shimfiɗa wani ɗan siririn layin dogo daga Zungeru zuwa Wushishi, aka ƙara shi har Barijuko inda jirgi ke iya tsayawa. Shi ne layin dogo na farko a ƙasar Arewa. Daga Zungeru aka tsara yaƙin da ya ci Kano a watan Fabrairun 1903 da Sakkwato a watan Maris. Don haka duk Bakano ko Basakkwacen da ke karanta wannan, umarnin da ya canza garinku daga namu ya fito, ku yi haƙuri.

Yanzu ga inda nake son ku tsaya. Turawan da ke garin ba su da yawa. Wa zai rubuta musu takardu? Wa zai yi tafinta, wa zai dafa abinci, wa zai ɗauki kaya, wa zai riƙe bindiga? A lokacin babu makarantar boko ta gwamnati ko ɗaya a Arewa, ta Ɗan Hausa a Nasarawan Kano sai 1909 aka buɗe ta. Sai aka kwaso akawuna daga Legas da Onitsha da Saliyo da Gwalkwas, wato Ghana ta yau. Sojojin kuwa akasarinsu Hausawa ne da Yarbawa. Nufawa suna tuƙa kwale-kwale suna kawo kaya. Leburori daga ko'ina. Mahauta da fatake da 'yan koli suka biyo albashi, don Bahaushe ba ya jin ƙamshin kuɗi ya zauna. Har gidan 'yantattun bayi aka buɗe a garin wajen 1904, inda ake tara yaran da aka ƙwato daga hannun masu fataucin bayi, wasunsu ba su ma iya faɗin sunan ƙauyensu ba. An rufe shi a 1909. Ku haɗa waɗannan mutanen duka a fili ɗaya ku tambayi kanku da wane harshe za su yi ciniki. Hausa. Ba don Hausawa ne masu ƙasar ba, sai don ita ce harshen bariki da kasuwa.

Cikin akawunan nan akwai wani mutumin Onitsha. Ranar 16 ga Nuwamba 1904 matarsa ta haifi ɗa namiji a Zungeru, shi ne Zik. Da Hausa ya tashi yana wasa da yaran unguwa, har sai da mahaifinsa ya ga yaron zai rasa harshen gida ya tura shi Onitsha yana ɗan shekara takwas ko kusa da haka. Mutumin da ya kafa jami'ar nan da muke karatu, aka buɗe ta a watan Oktoban 1960, da a ce ya tarar da mu a bakin masallaci muna hira, da ya gane abin da muke cewa. Sannan ranar 4 ga Nuwamba 1933 aka sake haihuwar wani yaron Ibo a garin, Chukwuemeka Odumegwu Ojukwu. Shi ne ke riƙe da bataliya ta biyar a Kano lokacin juyin mulkin Janairun 1966, kuma da ya zama gwamnan Gabas shi ya naɗa Sarkin Kano Ado Bayero uban wannan jami'a a madadin Zik. Bayan shekara ɗaya ya yi shelar Biyafara. Ni dai har yau in na tuna cewa shugaban ƙasar Najeriya na farko da mutumin da ya nemi ɓallewa daga cikinta duk a ɗan garin nan namu suka fara shan ruwa, sai in rasa abin cewa.

Lokacin da aka haɗe Kudu da Arewa ranar 1 ga Janairu 1914, Zungeru ce hedikwatar Arewa, kuma mutanen garin har gobe suna cewa a nan aka haifi Najeriya. Daɗin bai daɗe ba. Turawa sun gaji da zafi da sauro, ga layin dogon Baro zuwa Kano ya kammala a 1911, an samu wuri mai iska a kan layin wanda ya fi zama tsakiya. Tsakanin 1916 da 1917 gwamnati ta tattara ta koma Kaduna. Kuma fa tattarawa ta gaske. Hatta gadar ƙafa ta ƙarfe da Lugga ya gina a 1904 daga baya kwance ta aka yi aka kai Kaduna, tana nan a lambun Gamji, 'yan Kaduna suna hawa suna ɗaukar hoto ranar Sallah. Gadarmu ce. Mu abin da aka bar mana ginshiƙan gidan Gwamna a cikin ciyawa, da maƙabartar Turawa, da tashar jirgi.

Tashar ce ta riƙe garin, don babban layin Legas zuwa Kano ta nan ya bi. Kakana da aikin reluwe ya zo daga ƙasar Katsina, ya auri Banufiya, bai sake komawa ba sai gaisuwar mutuwa. Irin labarin gidaje da yawa ke nan. In ka bi layi ɗaya za ka wuce gidan Gbagyi, ka wuce na Bayarabe mai ɗinki, na Ibo mai kantin magani, na Banufe masunci, ga Fulani suna shigo da nono da safe. Masallaci da coci suna jin junansu. Ba na cewa ba a faɗa, ana yi, musamman kan gona da siyasa. Amma mun tashi ba mu san ana tambayar mutum asalinsa kafin a ci abincin gidansu ba. Yawancin jama'a yanzu manoma ne, doya da shinkafa da masara, sai masunta, sai ma'aikata da ɗaliban kwalejin fasaha ta jiha da ke garin. In ɗalibai suka tafi hutu masu abinci da 'yan acaɓa su ne farkon sani.

Kwanan nan garin ya sake ganin baƙi. A 2013 aka fara gina madatsar ruwa mai ba da wuta megawat 700 a kan kogin Kaduna, kamfanonin Sin suka yi aikin, aka gama a 2023. Kuɗin haya ya tashi, 'yan mata sun koyi gaisuwa da Sinanci, ƙauyuka da dama ruwa ya tashe su. Da aiki ya ƙare ma'aikatan suka watse kamar yadda na Lugga suka watse, wutar kuma ta hau manyan wayoyi ta yi gaba. Shirun garin ma ba irin na da ba ne. Hanyar Tegina da muke bi ba fargaba ta zama abin addu'a. A Tegina aka sace yaran Islamiyya sama da 130 a 2021, a watan Agustan 2023 kuma aka yi wa sojoji kwanton ɓauna a yankin, jirgin sama mai saukar ungulu da ya tashi daga Zungeru da waɗanda suka ji rauni ya faɗi a ƙasar Shiroro. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kawo mana ƙarshen abin.

Akwai abokina tun firamare, Ibo ne, kakansa ma reluwe ce ta kawo shi. A Zungeru aka haifi babansa, a nan aka haife shi. Hausarsa ta fi tawa karin magana, in ya yi Nufanci kakata har tafa masa take. Da muka zo neman gurbin karatu aka ce kowa ya kawo takardar shaidar asali, sai da ya hau mota ya tafi wani ƙauye a Gabas da sau biyu ya taɓa gani a rayuwarsa, can ma suna ce masa ɗan Hausa. Ni kuma da kakana ya sauka a tasha ɗaya da nasa, ba wanda ya tsaya yi mini dogon bincike, sunana ya wadatar. A nan Nsukka an juya mana, ni ne aboki, ko da rabin jinina na Nufawa ne. Tsarin haka yake a duk jihohi 36, kuma da Zik zai dawo yau ya nemi tallafin karatu a garin da aka haife shi, Onitsha za a nuna masa.

Jiya na kira abokin nawa na ba shi labarin ɗan ajinmu. Ya ce in gaya masa in hutu ya zo ya biyo ni, shi zai tare mu a tasha, ya kai shi ya ga ginshiƙan gidan Gwamna, ya saya masa gasasshen kifi a bakin gada. Na isar da saƙo. Ɗan ajin namu ya ce sai ya tambayi mamarsa tukuna. Ku biyun nan na ɗakinmu kuma, har da mai cewa Zamfara, motar Minna ake hawa.