Mahaɗar ƙaramin hanji da babban hanji

Mahaɗar ƙaramin hanji da babban hanji tana ƙasan ciki ta ɓangaren dama, kusa da afendis, kuma a nan ne ake samun wata ƙofa ta tsoka da ake kira ƙofar Bauhin, da sunan Caspar Bauhin, masanin tsarin jiki na birnin Basel, wadda ke sakin narkakken abinci kaɗan-kaɗan zuwa babban hanji, ta kuma hana abin da ya wuce komowa baya tare da bakteriyarsa.

Wurin yana da muhimmanci a ciwon rikicewar hanji, wato IBS, lalurar da ƙa'idojin Roma na 2016 suka bayyana da ciwon ciki mai dawowa aƙalla rana ɗaya a mako har wata uku, tare da sauyin yanayin bahaya. Ƙarshen ƙaramin hanji ne ke tsotse sinadaran ruwan matsarmama ya mayar da su hanta. Idan tsotsewar ta gaza, sai su kwarara cikin babban hanji su jawo ruwa, kuma wannan ne sanadin gudawar wasu masu lalurar, abin da ya cancanci likita ya bincika tunda yana da magani. Cutar Crohn ma takan kama wannan wuri, sai dai ita tana haddasa kumburi da gyambo da ake gani a awo, alhali IBS ba ta barin rauni.